Ajiya a Hannun Baƙo

Sana'ata motoci. Da wankinsu na fara a bakin titi a Kano, na koma dillanci, daga baya na riƙa zuwa Kwatano da kaina. Da na gane masu sayar mana a Kwatano su ma wani wuri suke sarowa, sai na nemi biza na bi hanyar har tushenta. A zuwana na uku Amurka wannan abu ya same ni, kuma har yau ban manta da shi ba.

Zuwa biyun farko a gidan ɗan kawuna na sauka, a Sterling, kusa da filin jirgin Washington. Taubashina ne, tasi yake ja. A karo na uku na tarar matarsa ta haihu, surukarsa ta zo daga gida, falon da nake shimfiɗa a ciki ya zama nata. Otal kuwa, kwana goma a cikinsa ya isa ya cinye ribar mota guda. Shi ne wani abokin sana'a ya ce in nemi hostal a cikin Washington.

Ni abin da na sani da wannan suna shi ne ɗakin kwanan 'yan makaranta. Ashe a can masauki ne na matafiya masu ƙaramin ƙarfi. Gado kake haya, ba ɗaki ba. Namu ɗakin gado takwas ne, masu hawa biyu, kowanne da lambarsa da fitila 'yar ƙarama da wurin cajin waya. Banɗaki na kowa ne, kicin ma na kowa. Ka sayo abincinka ka rubuta sunanka a jikin ledar ka sa a firij, ka dafa, ka wanke tukunyar da hannunka. Da safe akwai burodi da shayi da ayaba kyauta. Kuɗin kwana huɗu a nan bai kai na kwana ɗaya a otal ba, ga jirgin ƙarƙashin ƙasa a bakin layi. Ta fuskar ciniki ban ga abin kushewa ba.

Abin da ya dame ni mutanen ne. Wanda kuka kwana ɗaki ɗaya da shi jiya, yau ba shi, wani ne a gadonsa. Ba ka san asalin kowa ba, ba wanda ya san naka. Akwai wani dogo mai zane a wuya da yake kwana a samana, duk juyin da zai yi sai na buɗe ido. Mu biyu ne baƙaƙe a ɗakin, ni da wani magidanci ɗan Ghana da ya zo rubuta jarrabawar aikin jinya. Yana jin Hausa irin ta zango, muna gaisawa, amma kullum kansa cikin littafi yake.

Ni kuma ina ɗauke da ambulan guda mai ruwan ƙasa. A ciki akwai fasfona, da bizata a manne a jikinsa, sai takardun mallakar motoci uku da na saya a gwanjo. Motocin sun riga sun isa tashar jiragen ruwa ta Baltimore. Amma kwastan ɗin can ba sa barin mota ta hau jirgi sai sun ga takardarta ta asali, hoto ba ya yi. Ejan ɗina, mai kula da lodin motocin a jirgi, ya ce in kai masa su ranar Juma'a kafin azahar. Biyu daga cikin motocin ba nawa ba ne, mutane ne suka yarda da ni suka ce in sayo masu.

Kowane gado yana da loka ta ƙarfe a ƙarƙashinsa, kai za ka zo da kwadonka. Na duba lokar nan da idon wanda ya sha buɗe motar da makullinta ya ɓata. Ƙarfen sirara ne, sukurdireba ɗaya ya ishe ta. Na ce a raina wannan ai nuna wa ɓarawo ne inda kaya suke. Kwana uku ambulan ɗin yana cikin singiletina, da shi nake kwana, da shi nake shiga wanka cikin leda.

Mahaifina goro yake saro daga kudu, kuma ina yaro na sha bin sa. Duk garin da muka sauka akwai fatoma, wato mai masaukin fatake. Kana isa ka gaishe shi, ka ba shi ɗan abin da ka zo da shi, ka danƙa masa duk abin da kake tsoron ya ɓata. Ba rasit, ba shaida. Mahaifina yakan ce kwado ba ya jin kunya, mutum ne yake ji. A kan wannan na taso, a kan wannan na yi Kwatano shekara da shekaru, ban taɓa asarar ko allura ba. Saboda haka tun ranar da na shiga hostal ɗin idona yake neman fatoman gidan.

Na kuwa same shi, a ganina. Wani Bature ne dattijo mai farin gemu, ɗan siriri, kunnensa ɗaya ba ya ji sosai. Shi ne yake fara tashi, shi yake ɗora shayi, shi yake zama a kan kantar karɓar baƙi da safe da tarin makullai a ƙugunsa. Na ga ya tsare dogon nan mai zane a wuya ya sa shi ya koma ya wanke farantin da ya bari, dogon kuwa ya yi biyayya. Na ce to, ga mai gida. Na je wani shagon 'yan Afirka a Landover na sayo goro na kawo masa. Ya gutsura, ya yamutsa fuska kamar an ba shi maɗaci, amma ya haɗiye ya yi godiya. Baba nake ce masa, yana dariya.

Ranar Alhamis aka tashi da ruwa. Akwai gwanjo a wani fili can cikin Maryland, kuma ni ba na sayen mota sai na kwanta a ƙarƙashinta na ga ƙarfenta. Na san zan jiƙe, zan shiga taɓo, ga cunkoso. A filin katin shiga kawai suke tambaya. Sai na zaro ambulan ɗin na nufi kanta.

Na ce, "Baba, riƙe min wannan, sai na dawo."

Ya duba, ya ɗaga hannu. "A'a, a nan ba a karɓar ajiya. Ka sa a lokarka."

Na yi murmushi. Fatoman kirki ba ya karɓa a karo na farko, sai ya ce ina ni ina riƙe kayan manya, kai kuma ka matsa. Na matsa. Ya sake cewa wani abu game da dokar gidan, wasu 'yan mata biyu suka iso da jakunkuna suna neman ɗakinsu, waya ta hau ƙara. Na kama hannunsa na sa ambulan ɗin a ciki, na dafa da ɗaya hannun kamar yadda mahaifina yake yi, na ce na yarda da kai. Na fita cikin ruwa da sauƙin zuciya. Ina jin ya kira ni, na ɗaga masa hannu ban waiwaya ba, kada bas ta wuce ni.

Ban sayi komai ba ranar, duk motocin da na so sun wuce farashina. Wajen ƙarfe uku na dawo, wandona duk taɓo. A kan kanta na tarar da manajar gidan, wata mata mai tabarau wadda sau ɗaya na taɓa gani. Na gaishe ta na ce ina mai gidan.

Ta ce, "Wane mai gida?"

"Dattijon nan mai gemu."

"Shi? Ai baƙo ne kamarka. Yana mana aikin awa huɗu da safe, mu ba shi gado kyauta. Da yawa suna haka. Yau ya gama, ya tafi."

Ban san lokacin da na dafa kantar ba. Na ce ya tafi ina? Ta ce kudu, tana jin wajen 'yarsa, ba ta da tabbas. Na gaya mata abin da na ba shi. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Fasfonka? Ka ba shi fasfonka?"

Ta jawo durowa ɗaya bayan ɗaya. Biro, tsofaffin caja, taswirar gari. Ta duba kwalin kayan tsintuwa. Muka hau ɗakin da yake kwana, an riga an yaye zanin gadon, lokarsa a buɗe, ba komai sai ledar biskit. Na je gadona na ɗaga katifa, na zazzage matashi, alhali na san ba nan na sa ba.

Ta kai ni ofishinta ta kunna hoton kyamara. Na ga kaina da safe, ina murmushi, ina dafa hannun mutumin. Na ga ya bi ni har ƙofa ya dawo. Ya buɗe ambulan ɗin ya leƙa, ya rufe da sauri. Ya sa a durowa, ya fito da shi. Ta tura hoton gaba. Ƙarfe goma wata baƙuwa ta karɓi aikin kantar daga hannunsa, bai ba ta komai ba. Daga nan ya zauna a falo da jakarsa a gabansa yana kallon ƙofa. Ƙarfe ɗaya saura ya tashi, ya hau sama, ya sauko, ya cusa ambulan ɗin cikin rigarsa, ya fice.

Manajar ta ce lambarsa ba za ta ba ni ba, amma za ta kira. Ta kira sau uku, wayar a kashe. Sai ta ce, a hankali, abin da ya rage shi ne 'yan sanda.

Wannan kalma ta fi komai tsorata ni. Lokacin ana ta maganar kamen baƙi, duk inda 'yan gida suka haɗu zancen ke nan. Ni na shigo bisa ƙa'ida, amma shaidar hakan tana cikin rigar wani tsoho da ban san sunan mahaifinsa ba. In ɗan sanda ya ce nuna takardarka, me zan nuna? Katin gwanjo? Na dubi kaina, baƙar fata, taɓo har gwiwa, Turanci rabi da rabi. Na ce mata ta ba ni ɗan lokaci.

Na fita baranda na kira taubashina.

Ya ce, "Bawana, ya aka yi? An kore ka daga gidan marayun?"

Na gaya masa. Ya fashe da dariya.

"Kai da kake cewa ba a taɓa cutarka ba? Kai da kake shinshina inji ka faɗi shekarunsa? Ka zo Amurka ka naɗa wa Bature sarautar fatoma! Goro fa, ka ba shi?"

Na ce na ba shi. Dariyar ta ƙaru. Sai na ce, "Har da takardun motocin. Duka ukun."

Dariyar ta tsaya. Na ji ya kashe rediyon motar.

"Inna lillahi. Na asalin?"

"Na asalin."

"Yaya," ya ce, kuma rabon da ya kira ni haka tun muna yara, "kada ka fita daga gidan nan. Ina da fasinja zuwa filin jirgi, in na sauke zan taho. Amma ka san hanya a wannan lokacin."

Na san hanyar. Awa biyu, in an yi sa'a.

Na koma falo na zauna a kujerar da tsohon ya zauna. Wasu matasa suna dafa taliya a kicin suna waƙa da wani yare. Wata tana liƙa sanarwar yawon buɗe ido na kyauta a jikin allo. Ba wanda ya san abin da nake ciki, kuma ba laifinsu ba ne, gidan haka yake, kowa da tafiyarsa. Ni kuwa kaina yana ta aiki. Sabuwar takardar mota ba ni zan nema ba, sai kamfanin da ya sayar, kuma makonni take ɗauka. Jirgi zai tafi ya bar motocin a tasha. Bizata ta kusa cika. Zan koma Kano in tsaya gaban mutum biyu da suka yarda da ni in ce masu na ba wani tsoho a hanya. Wa zai ƙara ba ni saƙon mota? Shekara ashirin na yi ina gina wannan suna. Sannan fasfo a hannun wanda ba ka sani ba, Allah kaɗai ya san inda za a tsince shi da abin da za a aikata da shi.

Na tuna yadda ya leƙa ambulan ɗin ya rufe da sauri. Na juya wannan hoto a kaina ta kowace fuska. Wani lokaci in ga fuskar ɓarawo, wani lokaci in ga ta mai tsoro. Ni da nake cin abinci da karanta fuskar mutane, na kasa.

La'asar ta wuce ban yi ba. Na yi alwala a banɗaki da gorar ruwa, na shimfiɗa tawul tsakanin gadaje, na tayar. Ban san abin da na karanta ba.

Ina sallamewa ɗan Ghanan nan ya shigo da jakar littattafansa. Ya ajiye, ya ɗauki wani abu a kan matashinsa, ya juya shi.

"Alhaji, takarda nan naka ne? Ni ban ba kowa ajiya ba."

Na fizge. Rubutun hannu ne a bayan taswira. Tsohon bai san lambar gadona ba, ya dai san baƙin mutum ne a ɗaki na huɗu, sai ya ajiye a gadon da ya ga dama cikin biyun. Ya rubuta cewa durowar kanta ba ta kulluwa, ba zai bar abin a can ba, kuma ba zai ba wanda ban ba ba. Bas ɗinsa za ta tashi ƙarfe shida daga babbar tasha. In ban zo ba zai miƙa wa 'yan sandan tashar.

Na dubi waya. Biyar da minti ashirin da biyar.

Ɗan Ghanan ya ce, "Ka tsaya kallon me? Gudu!"

Taubashina ya ce kada in fita, amma na fita. A bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa akwai 'yan sanda biyu a tsaye. Zuciyata ta ce ruga, hankalina ya ce baƙon da yake gudu a gaban ɗan sanda ya nemi magana. Na wuce su da tafiyar mai zuwa ɗaurin aure, gumi yana bin bayana. Ɗayansu ya dubi wandona, ya ɗauke kai. Jirgin ya tsaya a cikin rami tsakanin tasha biyu, direban ya yi wata sanarwa da ban fahimta ba. Minti huɗu muka yi a tsaye. Na ƙura wa agogon waya ido har lambobin suka daina yi min ma'ana.

Babbar tashar nan kamar gari guda ce. Shaguna, matakala, mutane kamar ranar kasuwa. Na tambayi wani mai shara inda bas-bas masu dogon zango suke lodi, ya nuna sama. Na hau bene, na sake hawa. Layi-layi ne na mutane, kowace bas da nata. Na bi na farko ina leƙa fuskoki, ba shi. Na biyu, ba shi. Wani mai farin gemu na dafa, ya juyo, ba shi ba ne, ya ja jikinsa yana harara. Shida saura minti shida.

Can ƙarshe na hango shi. Ya fita daga layi, jakarsa a ƙasa, yana kallon wani ɗan sanda da yake tsaye nesa kaɗan. Har ya ɗaga ƙafa.

Na ƙwala, "Baba!"

Ta kunnen da ba ya ji nake. Sai da na sha gabansa ya gan ni. Bai yi murmushi ba. Ya ja ni gefe bayan wani ginshiƙi, ya kwance maɓallan rigarsa, ya zaro ambulan ɗin. Ya yi laushi da gumi.

Ya ce, "Buɗe. A gabana. Duba komai."

Na buɗe. Fasfo. Takarda ɗaya, biyu, uku. Ya karɓi fasfon ya dubi hoton ya dubi fuskata, sannan ya mayar min.

"Ka san yinin da ka sa na yi?" Ya shiga mayar da maɓallan rigarsa. "Ƙanena soja ne, yana kwance a maƙabartar sojoji a ƙetaren kogi. Don shi na zo garin nan, na bar ziyarar sai ranar ƙarshe. Ana binciken mutane a ƙofa. Na tsaya a layi da fasfon wani ɗan Afirka a cikin rigata, da takardun motocin da ba nawa ba. Da sun gani me zan ce? Ya ba ni goro?"

Na ce ya yi haƙuri, a wajenmu haka ake yi, mai masauki ake ba.

"Ni ba mai masauki ba ne. Ni ma gado nake nema kamarka. Sau biyu na ce maka a'a."

Na ce na ɗauka kara ce.

Bai gane ba, ni kuma ban san yadda zan fassara masa ba. Na sa hannu a aljihu zan ciro masa kuɗi, ya riƙe min hannun da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba.

"Kada ka soma. Kuma kada ka ƙara yi wa wani haka. Na gaba ba lalle ya zama tsoho mai tsoro irina ba."

Direban bas ya yi kira na ƙarshe. Ya ɗauki jakarsa, na kai hannu zan taya shi, ya ƙi. Ya hau, ya zauna ta ɗaya gefen, ban ƙara ganin fuskarsa ba.

Na zauna a ƙasa jikin ginshiƙin, a wurin da bas-bas suke ta hayaƙi, ambulan ɗin a ƙirjina na riƙe da hannu biyu. Waya ta yi ƙara, taubashina ne, ya ce yana kan gada. Na ce an samu. Ya yi hamdala sau uku, sannan ya ce in zauna inda nake kada in motsa, kuma kafin ya iso kada in ba kowa komai.

Washegari shi ya kai ni Baltimore. Ƙarfe tara ba ta cika ba na ajiye takardun uku a teburin ejan. Ya ɗaga ɗaya ya ce me ya sa ta yi laushi haka. Na ce ruwa aka yi jiya.